RA'AYI: Rabin aji a Fatakwal, Anacha da Inugu: Maki da yawan ɗalibai ba su isa awo ba

Duk watan Satumba, idan makarantu suka kusa buɗe sabuwar shekarar karatu, akwai hirar da takan taso a ƙofar masallatai da rumfunan kasuwa a unguwannin Hausawa na Kudu. Daga Titin Owerri da Gariki a Inugu, zuwa Titin Bida da bakin gadar Neja a Anacha, zuwa Diobu a Fatakwal har Oyigbo da ke gefenta, tambayar guda ce: ina za a kai yaron nan da ya cika shekara huɗu ko biyar? Mai hali ya riga ya yanke shawara, makarantar kuɗi zai kai nasa. Sauran kuwa, wato mai albasa da mai tumatir da mahauci da mai shayi da mai gadi, zaɓinsu bai wuce makarantun firamaren gwamnati biyu ko uku da ke kusa ba, waɗanda aka haɗa musu ajin share fage, wanda aka fi sani a Arewa da rabin aji.

Hujjar da ake kafawa a irin wannan hira ba ta wuce biyu ba. Wani ya ce waccan ta fi cika, kowa can yake kai ɗansa. Wani ya ce wannan yaranta sun fi ƙoƙari, a dubi makin da suke kawowa gida a katin sakamako. Hukumomi ma da waɗannan ma'aunai biyu suke tinƙaho: idan gwamna zai nuna aikinsa a fannin ilimi, yawan yaran da aka yi wa rajista da matsayin jiharsa a jarrabawar WAEC yakan fara ambata.

Duk wanda ya taɓa awo a kasuwar hatsi ya san mudu na iya cika har ya yi tozo alhali an buga gindinsa. Maki da rajista irin wannan mudu ne idan aka zo kan yaro ɗan shekara huɗu da ke zaune a garin da ba a magana da harshen gidansu. Abin da suka fi nunawa shi ne irin yaran da makaranta ta ɗauka. Abin da makarantar ta yi wa yaran bayan sun shigo, wanda shi ne abin da uba ke son sani, kaɗan ne ke fitowa a cikinsu. Idan kuwa aka mayar da su abin jera makarantu daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe, 'ya'yan baƙi ne za su fara ɗanɗana kuɗarsu.

Me aka kafa ajin ya yi?

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta kafa hukumar UBEC kuma ta ware mata kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, ta sanya kula da ƙananan yara da ilimantar da su a cikin ma'anar ilimin tushe. Kundin manufofin ilimi na ƙasa, bugun 2013, ya ƙara shekara guda ta share fage kafin firamare ga 'yan shekara biyar, har tsarin da aka saba kira 6-3-3-4 ya koma 1-6-3-3-4. Kundin ya zayyana abin da ake so ajin ya yi: ya sauƙaƙa wa yaro tashi daga gida zuwa makaranta, ya kula da shi yayin da iyayensa ke gona ko kasuwa ko ofis, ya koya masa zama da mutane da tsafta da son bincike, sannan ya gabatar masa da lambobi da haruffa da launuka da siffofi ta hanyar wasa. Ya kuma ce kada malami guda ya riƙe yara fiye da 25. A cikin waɗannan manufofi babu wadda takardar jarrabawa da biro za su iya aunawa yadda ya kamata.

Jihohin uku duk sun yi wani abin a zo a gani ta fuskar buɗe ƙofa. A Ribas, gwamnatin Rotimi Amaechi ta gina makarantun firamare na zamani masu yawa tsakanin 2007 da 2015. A Anambra, Gwamna Chukwuma Soludo ya ɗauki malamai 5,000 a 2022, sannan a watan Satumba na 2023 ya ayyana karatu kyauta a makarantun gwamnati tun daga nazare har aji uku na ƙaramar sakandare. A Inugu, Gwamna Peter Mbah ya ware kashi 33 cikin 100 na kasafin 2024 ga ilimi, ya kuma ɗauki aikin gina makarantun zamani 260, ɗaya a kowace mazaɓa, masu karɓar yara tun daga shekara uku. Saboda haka zaɓin da ke gaban iyayen waɗannan unguwanni zaɓi ne na gaske, kuma shi ya sa ma'aunin da za su yi amfani da shi yake da muhimmanci.

Abin da maki ke aunawa

A ɗauki yaro ɗan shekara biyar da iyayensa suka sauka Anacha watanni shida da suka wuce. Yakan ƙirga wa babansa albasa kashi-kashi ba tare da kuskure ba. Ya haddace Fatiha da gajerun surori a makarantar allo. Ya san ja da kore da shuɗi, ya san wace takardar kuɗi ta fi wata. Ranar gwaji malama ta ɗaga jan kofi ta tambaye shi launinsa da Turanci, ta maimaita da Ibo, yaro ya yi shiru. A katinsa za a rubuta bai san launuka ba. Abin da aka auna a nan harshe ne, amma sunan da aka ba shi ƙoƙari.

Wannan matsala ba sabuwa ba ce, kuma sauye-sauyen manufa a Abuja ba su taɓa ta ba. Kundin 2013 ya ce a koyar da ƙananan yara da harshen uwa ko harshen al'ummar da makarantar take. A Anacha da Inugu harshen al'umma Ibo ne. A Fatakwal, inda ƙabilu suka cakuɗa, Turanci da Turancin buroka ne ke aiki. A watan Nuwamba na 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya, lokacin Minista Adamu Adamu, ta amince a yi shekaru shida na firamare da harshen uwa. A watan Nuwamba na 2025 Minista Tunji Alausa ya sanar da soke wannan tsari da komawa Turanci, yana kafa hujja da sakamakon manyan jarrabawa. Masu adawa da shi sun tuna masa da gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife tun daga 1970, inda yaran da aka koyar da Yarbanci tsawon firamare suka yi abin yabo. Ko wane ɓangare ne ke da gaskiya, ɗan Bahaushen da ke Anacha bai taɓa shiga lissafin ba: a tsohon tsari da harshen maƙwabcinsa ake gwada shi, a sabon kuma da harshen da shi da maƙwabcin duk baƙonsu ne.

Su kansu 'ya'yan unguwar ba ɗaya suke ba. Akwai jikokin waɗanda suka zauna shekaru aru-aru, waɗanda ke jin Ibo ko buroka kamar 'yan gari, wasu ma uwayensu 'yan garin ne. Akwai kuma 'ya'yan sababbin zuwa, ciki har da waɗanda rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato da Borno. Makarantar da ke kusa da tsofaffin gidajen unguwa za ta samu kashi na farko, wadda ke kusa da tashar manyan motoci ko kasuwar dabbobi za ta samu na biyu. Idan aka kwatanta makinsu, ta farko za ta yi fintinkau ko da malamanta barci suke yi, ta biyu kuma za ta zo ƙarshe ko da malamarta ta fi kowa haƙuri da iya aiki.

Sai batun shekaru. Da can a Arewa, idan za a ɗauki yaro aji ɗaya, akan ce ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunnensa na ɗaya gefen, domin babu takardar haihuwa. Har gobe yara da dama ba su da ita. Sakamakon haka rabin aji guda na iya haɗa ɗan shekara uku da ɗan shekara bakwai. A wannan mataki na rayuwa tazarar wata shida ma babba ce wajen riƙe fensir da zama wuri guda, balle tazarar shekara uku. Ajin da manyan yara suka fi yawa zai fi maki, kuma wannan ba shaidar kyan makaranta ba ne, hasali ma alama ce ta yaran da suka makara shiga.

Ko da an kawar da duk waɗannan, akwai dalilin da ya sa masana ba sa sakin jiki da makin ƙananan yara. A 1962 aka fara wani gwaji a makarantar Perry da ke garin Ypsilanti a jihar Michigan ta Amurka, da yara 123 'ya'yan talakawa baƙar fata. An saka kusan rabinsu a ajin share fage mai inganci, aka bar sauran. Da farko waɗanda suka shiga ajin sun zarce a gwajin kaifin basira, amma bayan 'yan shekaru a firamare tazarar ta ɓace. Da a nan aka tsaya, da an ce kuɗi aka zubar. Masu binciken suka ci gaba da bibiyar yaran har suka kai shekara 27, suka kai 40, sai aka ga waɗanda suka shiga ajin sun fi kammala sakandare, sun fi samun abin hannu, kuma an fi ƙarancin kama su da laifi. James Heckman, wanda ya ci kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2000, ya danganta wannan da halayen da ajin ya dasa musu: juriya, kame kai, da iya zama da jama'a. Waɗannan su ne ribar rabin aji, kuma babu gurbinsu a jerin na ɗaya da na biyu.

Abin da rajista ke ɓoyewa

Yawan ɗalibai ya fi maki saurin ruɗar mutum, domin ido na ganinsa a bakin ƙofa kowace safiya. Amma Hausawa sun san akwai taron tsintsiya ba shara. Makaranta na iya cika saboda ita kaɗai ce ta kyauta da ƙaramin yaro zai iya takawa zuwa gare ta ba tare da ya tsallaka babban titi ba. Idan aka tara yara ninki biyu ko uku na 25 ɗin da aka ƙayyade a gaban malama guda, aikinta ya tashi daga koyarwa ya koma tsaro: raba faɗa, kai wannan bayan gida, rarrashin wancan. A irin wannan aji, yaron da ba ya jin harshen malama shi ne na farkon ɓacewa a layin baya, domin ba ya damun kowa.

Sannan rubuta suna a watan Satumba daban, zuwa makaranta daban. Rayuwar waɗannan unguwanni tana da nata kalandar. Wasu iyalai sukan koma gida da damina don noma. Wasu sukan tafi Sallah su ƙara makonni. Idan hukuma ta rufe kasuwa ko ta tashi mayanka zuwa bayan gari, iyalai kan bi abincinsu, sunayen 'ya'yansu kuma su ci gaba da zama a littafin tsohuwar makaranta. Idan hankali ya tashi, kamar yadda ya faru a Anacha a watan Fabrairu na 2006 da Oyigbo a watan Oktoba na 2020, mata da yara ake fara ɗorawa a mota, kuma ba dukkansu ke dawowa ba. Zaman gida na ranar Litinin da ƙungiyar IPOB ta ƙaddamar a watan Agusta na 2021 ya daɗe yana cinye wa yaran Anacha da Inugu kwana ɗaya cikin biyar na makon karatu, duk da ƙoƙarin gwamnatocin jihohin na kawo ƙarshensa, kuma baƙo ya fi ɗan gari ɗari-ɗarin fitar da ɗansa a irin wannan rana. Duk waɗannan ba sa bayyana a adadin da ake aika wa hukumar ilimin jiha.

Babban abin da rajista ba ta faɗa shi ne wanda ba ya cikinta. Ba ta san yaron da ke wuni a ƙarƙashin teburin babansa a kasuwa ba. Ba ta san yarinyar da aka bari tana goyon ƙaninta ba, ko wadda aka fara ɗora wa farantin talla. Ba ta san wanda aka tura wurin kakanni a Arewa ya tashi babu boko babu allon kirki ba. Makarantu biyu na iya gasar wacce ta fi yawan ɗalibai alhali a lungun da ke tsakaninsu yaran da ke waje sun fi na ciki. Adadin da ke da amfani shi ne kashi nawa na yaran unguwa masu shekara uku zuwa biyar ke cikin aji, kuma ba za a san shi ba sai an ƙirga yaran unguwar gida-gida.

Haɗarin jera makarantu

Wani zai ce ko da ma'aunin bai cika ba, ai ya fi babu. Gaskiya ne idan uba guda ne ke amfani da shi a zuciyarsa. Amma da zarar hukuma ta fara raba yabo da zargi, ko ƙarin girma da canjin wurin aiki, bisa maki da rajista, sai ma'aunin ya fara sauya halin waɗanda ake aunawa. Wani masanin zamantakewa Ba'amurke, Donald Campbell, ya yi wannan gargaɗi tun a shekarun 1970: duk adadin da aka ɗora wa nauyin yanke hukunci, za a fara murɗa shi, shi kuma ya gurɓata aikin da aka ce ya auna. A birnin Atlanta, matsin lambar ɗaga maki ya kai malamai ga goge amsoshin ɗalibai suna gyarawa, har kotu ta samu mutum 11 da laifi a 2015. Ingila, wadda ta fara wallafa jadawalin sakamakon makarantu a 1992, daga baya sai da ta ƙara ma'aunin ci gaban ɗalibi daga inda ya faro, saboda an gane cewa sakamako tsurarsa ya fi nuna unguwar da makaranta take.

A Diobu ko Gariki ba sai an kai ga goge amsa ba. Hanya mafi sauƙi ta ɗaga matsakaicin makin aji ita ce a rage yaran da za su ja shi ƙasa. Ba a buƙatar kowa ya fito ya ce ba a ɗaukar 'ya'yan Hausawa. Ya isa a ce aji ya cika, ko a nemi takardar haihuwa, ko takardar asalin jiha, ko a ce a dawo mako mai zuwa har uba ya gaji. Sashe na 41 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama a duk inda ya so, sashe na 42 ya hana nuna masa bambanci saboda ƙabila ko asali ko addini, amma talakan da ya rufe rumfarsa ya zo layin rajista ba zai je kotu ba, kasuwa zai koma. Makarantar da ta buɗe ƙofa ta karɓi kowa kuwa, ita za a nuna da yatsa a ce ta gaza, iyaye masu ido su janye 'ya'yansu, malamai masu hanya su nemi canji. A ƙarshe zargin da aka yi mata bisa kuskure ya zama gaskiya.

Akwai kuma ɓarnar da ke faruwa a cikin ajin kansa. Inda maki ya zama sarki, wasa da waƙa da tatsuniya da zane sukan koma ɓata lokaci. Sai a zaunar da ɗan shekara huɗu yana rera jihohi 36 da manyan biranensu, yana kwafar lambobi har ɗari a littafi, iyaye na murna yaro ya iya karatu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma wanda ya matsa masa da ƙarfi karya shi yake yi. Yaron da ya fara sanin makaranta a matsayin wurin da ake kiransa na ƙarshe a gaban 'yan'uwansa, da wuya ya so ta daga baya.

To, da me za a auna?

Masu kare maki suna da hujja guda mai ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba. Idan aka ce kada a auna komai, malalaciyar makaranta ta samu mafaka. Mafi muni, batun harshe na iya zama uzurin da za a daina tsammanin komai daga ɗan baƙo, a bar shi a layin baya da sunan tausayi. Yaron da zai tashi a Inugu ko Anacha dole ne ya iya Turanci, kuma jin Ibo jari ne a gare shi. Saboda haka awo wajibi ne. Abin nema shi ne mudu mai gaskiya.

Abu na farko, a auna yaro ranar da ya shigo, a sake auna shi a ƙarshen shekara, a kwatanta makarantu da tazarar da ke tsakani. A yi gwajin baki da baki, cikin wasa, da harshen da yaron ke ji, sannan a auna ci gabansa a Turanci daban. Ba sai an ƙirƙiro sabon abu ba: ƙungiyar Save the Children tana da ma'auni mai suna IDELA da aka yi amfani da shi a ƙasashe da dama, wanda ke duba harshe da lissafi da motsa gaɓoɓi da mu'amala. Sakamakon kuma ya zama na gyaran aiki tsakanin malama da hukuma da iyaye. A daina rubuta wa ɗan rabin aji matsayi a kati.

Na biyu, a maye gurbin adadin rajista da adadin zuwa. Jami'an hukumomin ilimin bai-ɗaya na Ribas da Anambra da Inugu su riƙa shiga aji ba sanarwa su ƙirga kawuna su gwada da littafi. A bayyana yara nawa cikin waɗanda suka fara a Satumba suka kai Yuli, nawa suka wuce aji ɗaya, nawa ke nan har aji uku. Makarantar da ke riƙe 'ya'yan 'yan ci-rani har ƙarshen shekara ta yi aikin da ya cancanci yabo, ko da makinta bai kai na maƙwabciyarta ba.

Na uku, a liƙa a ƙofar kowace makaranta abubuwan da uba zai iya tabbatarwa da idonsa: yara nawa ke gaban kowace malama, ko malamar ta karanci renon ƙananan yara a kwalejin ilimi, ko akwai ruwa da bayan gida da katanga, da kuma abin da ake biya idan akwai. Karatun da aka ce kyauta ne yakan zo da kuɗin rajista da na inifom da na bikin yaye ɗalibai, kuma waɗannan ƙananan kuɗaɗe ne ke tace yaran da za su shiga.

Na huɗu, inda 'ya'yan Hausawa suke da yawa a aji, a samar da mataimakiya mai jin Hausa, ko da daga cikin malaman Islamiyyar unguwa ne, ta riƙa zama da yara a watannin farko. Wannan bai kai kuɗin gina aji guda ba, amma shi ne bambanci tsakanin yaron da ya shafe shekara yana kallon bakin malama da wanda ya fara fahimta tun makon farko.

Kafin hukuma ta motsa, uba ko uwa na da hanyar da ta fi duk wani jadawali, domin gani ya kori ji. A je makarantar da hantsi ba tare da an yi alƙawari ba, a tsaya minti goma a bakin taga. Shin malama na nan? Yara na magana ko tsit suke saboda bulala? Malama ta san sunayensu? Akwai abin wasa a hannunsu, ko allon bango kawai suke kallo? Yaron da ke kuka, wa ya kula shi? Wanda zai sayi buhun wake ba ya yarda da abin da aka rubuta a jikin buhu sai ya soka ya gani, kuma ɗa ya fi buhun wake.

Nauyin da ke kan unguwa

Ba duka laifin ke wuyan gwamnati ba. A kowane ɗaya daga cikin garuruwan nan akwai Sarkin Hausawa da limamai da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa. Ƙungiyoyin nan sun san tirela nawa ta sauke kaya a mako, sun san wanda ya biya kuɗin ƙungiya da wanda bai biya ba. Waɗanda suka iya wannan lissafi za su iya ƙirga yaran unguwa 'yan ƙasa da shekara shida, su san wanda ke makaranta da wanda ba ya zuwa, su gayyato jami'an Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa su yi wa yara takardar haihuwa a harabar masallaci. Kowace makarantar gwamnati ana sa ran tana da kwamitin kula da ita wanda ya ƙunshi iyaye da mutanen unguwa. Kujerar da Bahaushe bai zauna a kai ba, wani zai zauna, kuma mai ɗaki ne ya san inda yake masa yoyo.

Abin da ya fi hana wannan shi ne tunanin baƙunta, wato gobe za a koma gida. Amma tun da layin dogo ya haɗa Inugu da Fatakwal a 1916 don jigilar kwal, fatake da mahauta da 'yan ƙwadago daga Arewa ke sauka a waɗannan garuruwa, wasu gidajen yanzu suna kan jikoki da tattaɓa-kunne. A shekarun 1950 mutanen Inugu sun zaɓi Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garinsu na farko. Bai kai wannan matsayi yana jiran ranar komawa gida ba, shiga harkar gari ya yi a matsayin ɗan gari.

Yaran da ke rabin aji a Diobu da Titin Bida da Gariki a yau, mafi yawansu a nan za su girma, a nan za su nemi abinci, da 'yan ajinsu za su yi ciniki da maƙwabtaka. Hukumomin ilimi na jihohin uku su fara wallafa adadin zuwa da ci gaban yaro a maimakon rajista da maki tsura. Shugabannin unguwa su ƙirga 'ya'yansu kafin Satumba mai zuwa. Uban da ke tambayar wace makaranta ta fi kuwa, ya ƙara tambaya guda a kan biyun da ya saba: yaron da ya shigo ajin nan bara ba ya jin ko kalma ɗaya, ina yake yanzu, kuma me ya iya?